Gano matsalar giya da yi mata magani a ƙaramin asibiti: wace hanya ce za ta fishe ku?

Da wuya mai shan giya fiye da kima ya shigo asibiti ya ce giya ce ta kawo shi. Hawan jini ne zai kawo shi, ko ciwon ciki, ko rashin barci, ko rauni a goshi da zai ce zamewa ya yi. A rubuta masa magani ya tafi. Bayan wata uku ya dawo jinin bai sauka ba, a ƙara masa ƙwaya, ba wanda ya tambaye shi abin da yake sha da daddare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, kuma kimanin mutum miliyan 400 ne ke fama da larurar shanta. Mafi yawansu ba su taɓa samun magani ba, amma suna zuwa ƙaramin asibiti don wasu larurorin.

Idan ku ne ke riƙe da irin wannan asibiti, kuka kuma yanke shawarar fara kula da lamarin, zaɓi biyu ne a gabanku: yadda za ku riƙa tambaya, da abin da za ku yi wa wanda amsarsa ta nuna akwai matsala. Ba a raba su. Asibitin da ya iya tambaya amma bai tanadi komai ba bayan amsa, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Abin da za a auna kowace hanya da shi

Na farko tsada. A nan ba kuɗi kaɗai ake nufi ba, domin yawancin takardun tambayoyin kyauta ne. Abin da ke da tsada shi ne mintin ma'aikaci a ranar da layi ya kai bakin ƙofa. Na biyu ɗorewa: bayan wata shida, mai ba da horo ya tafi, an canza ma'aikata biyu, shin ana ci gaba da yi? Idan magani ne, shin majinyaci zai ci gaba da sha? Na uku sauƙi, ga ma'aikaci da ga majinyaci. Na huɗu haɗari, kuma iri uku ne: mai matsala ya wuce ba a gane shi ba, ko a shafa wa wanda ba shi da ita kashin kaji a katinsa, ko maganin kansa ya cutar.

Akwai na biyar da ya fi su duka muhimmanci, wato wane ne hanyar ke kamawa. Masu matsalar giya ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai wanda shansa ya wuce iyakar da jiki ke ɗauka amma giyar ba ta zame masa jaraba ba: yana zuwa aiki, gidansa lafiya, sai dai hantarsa da jininsa na biyan bashin a ɓoye. Waɗannan su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Akwai kuma wanda ta riga ta bi jikinsa, in bai sha ba hannu ya yi ta rawa. Littafin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, bugun 2013, ya jera alamomi 11: mai 2 ko 3 larurarsa mai sauƙi ce, mai 4 ko 5 matsakaiciya, mai 6 zuwa sama mai tsanani. Hanyar da ta dace da rukunin farko ba ta isa rukuni na biyu ba, kuma yawan kurakuran da ake yi daga nan suke tasowa.

Kafin komai, ku daidaita awo. "Kwalba biyu" ba amsa ba ce sai an san girman kwalbar da ƙarfin abin da ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafin awo ɗaya a matsayin giram 10 na tsantsar barasa, Amurka giram 14, Birtaniya giram 8. Kwalba mai rabin lita wadda ƙarfinta kashi 5 cikin 100 ne tana ɗauke da kusan giram 20, wato awo biyu a lissafin Hukumar. Ku zana kati mai hotunan kwalabe da kofunan da majinyatanku suka sani, ku rubuta awon kowanne a ƙasa. In ba haka ba, duk makin da kuka haɗa shaci-faɗi ne.

Zaɓi na farko: yadda za a tambaya

Tambaya ɗaya tak. Cibiyar binciken giya ta gwamnatin Amurka ce ta yaɗa ta: sau nawa a cikin shekarar da ta wuce ka sha awo 5 ko fiye a rana ɗaya? Ga mace awo 4 ne, kuma da awon Amurka ake lissafin. Duk amsar da ta wuce sifili tana buƙatar ƙarin tambaya. Ba ta cin rabin minti, ba a buƙatar takarda, wanda ke auna hawan jini zai iya yinta yana naɗa wa mutum abin awo a hannu. A wajen ɗorewa babu kamarta. Rauninta shi ne ba ta nuna zurfin matsalar, kuma wanda ke shan awo uku kullum ba fashi zai iya amsa "ko sau ɗaya" da gaskiyarsa ya wuce.

AUDIT-C tambayoyi uku ne: sau nawa kake sha, awo nawa kake sha a ranar da ka sha, sau nawa kake kai awo 6 a zama ɗaya. Kowace tana da maki daga 0 zuwa 4, jimilla 12. A Amurka ana ɗaukar maki 4 ga namiji da 3 ga mace a matsayin alamar a bincika, a Ingila kuwa daga 5 ake farawa. Minti ɗaya zuwa biyu take ci. Ta fi tambaya ɗaya da abu biyu: tana kama mai shan kullum, kuma tana ba da lamba. Wanda ya samu 9 a bana ya samu 5 a baɗi, an ga ci gaba a rubuce, shi ma ya gani. Haɗarinta shi ne in an sa iyakar ƙasa-ƙasa, za ta tara muku mutane da yawa masu ƙaramin sha, ma'aikata su gaji da ƙararrawar da ba ta da dalili su daina kula ta.

Cikakkiyar AUDIT ita ce uwar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ita a 1989 bayan an gwada ta a ƙasashe shida, wato Noway, Ostareliya, Kenya, Bulgeriya, Meziko da Amurka, shi ya sa ta fi sauran karɓuwa a wurare mabambanta. Tambayoyi 10 ne, maki 40. Ukun farko su ne AUDIT-C, sauran suna tambaya kan kasa tsayawa in an fara, da shan safe don jiki ya daidaita, da mantuwar abin da ya faru a daren jiya, da rauni, da ko wani ya taɓa nuna damuwa. Littafin jagorarta ya raba makin gida huɗu: ƙasa da 8 a wayar da kai kawai, 8 zuwa 15 gajeriyar shawara, 16 zuwa 19 shawara mai zurfi da bibiya, 20 zuwa sama a bincika ko jaraba ce. Wannan rabon shi ne amfaninta, domin yana gaya wa ma'aikaci mataki na gaba. Amma ku ce za ku yi wa kowane mai shigowa tambaya goma, sati uku ba za ta kai ba. Wurinta shi ne mataki na biyu, ga wanda gajeriyar tambaya ta nuna.

CAGE tsohuwa ce, likita John Ewing ne ya tsara ta, kuma har yanzu ita ce wadda likitoci da yawa suka haddace tun suna makaranta. Tana tambaya ko mutum ya taɓa jin ya kamata ya rage, ko ya taɓa jin haushin masu yi masa magana, ko ya taɓa jin kunyar shansa, ko ya taɓa karya kumallo da giya. "E" biyu alama ce. Gajeriya ce kuma kyauta, amma ba ta tambayar yawan abin da ake sha ko kaɗan, kuma kalmar "taɓa" tana haɗa wanda ya daina shekara ashirin da wanda ya sha jiya. Wanda ta kama, galibi abin ya riga ya yi nisa. Ihu ne bayan hari. Kwamitin da ke ba Amurka shawara kan rigakafi, da ya ce a 2018 a riƙa tambayar duk wanda ya kai shekara 18 har da masu juna biyu, AUDIT-C da tambaya ɗaya ya fifita a kanta.

Saura gwajin jini, wanda ke burge mutane saboda ganin cewa jini ba ya ƙarya. Gwajin GGT, wani sinadarin hanta, da na girman jajayen ƙwayoyin jini suna da sauƙin samu, amma kitsen hanta da ƙiba da wasu magungunan farfaɗiya duk suna ɗaga GGT, sannan masu sha da yawa nasu yana nan daidai. Gwajin PEth ya fi su aminci, domin sinadarin ba ya samuwa a jini sai in an sha barasa, kuma yana nuna shan makonni biyu zuwa huɗu da suka wuce. Yana da tsada, kuma sai babban ɗakin gwaji. Ni ban ga hikimar yi wa kowa gwajin jini don neman mashaya ba. Amfaninsa yana wajen bibiyar wanda aka riga aka sani, da sanin halin hanta kafin a ba da magani. Yin sa a ɓoye ba tare da sanin majinyaci ba kuwa, ranar da ya gane, ya bar asibitinku ke nan.

| Hanya | Tsada | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Tambaya ɗaya | Kyauta, ƙasa da minti ɗaya | Sosai | Kowa zai iya | Mai shan kullum kaɗan-kaɗan ya wuce |
| AUDIT-C | Kyauta, minti 1 zuwa 2 | Mai kyau | Sai an san awo | Tara masu ƙaramin sha |
| Cikakkiyar AUDIT | Kyauta, mintoci kaɗan | Rauni in an ce kowa | Sai takarda da haɗa maki | Ma'aikata su watsar |
| CAGE | Kyauta, minti ɗaya | Mai kyau | An haddace ta | Ba ta kama abin da wuri |
| Gwajin jini | Daga matsakaici zuwa mai tsada | Ya dogara da ɗakin gwaji | Sai ɗiban jini da jira | Sakamako mai ruɗarwa, ɓata amana |

Abu ɗaya ya fi zaɓin takarda tasiri, shi ne bakin mai tambaya. "Ba ka dai shan giya ko?" tambaya ce da ta zo da amsarta a hannu. A asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, inda aka daɗe ana yi wa kusan kowa AUDIT-C, an taɓa kwatanta amsar da mutane suka bayar a asibiti da wadda suka rubuta a takardar da aka aika musu gida. Fiye da rabin waɗanda takardar gida ta nuna suna da matsala, a asibiti an rubuta ba su da ita. Don haka in majinyatanku na iya karatu, ku ba su su cike da kansu a wurin jira. In ba sa iyawa, a karanta tambayar yadda take, a keɓe, ba a gaban mata ko miji ko ɗa ba, a kuma fara da cewa kowa ake yi wa. Inda shan giya abin kunya ne ko haramun, wannan jimlar ta "kowa muke tambaya" ita ce ke buɗe baki, kuma ita ce dalilin da ya sa zaɓen wanda za a tambaya ta kallon fuska ko sutura ba ya aiki.

Zaɓi na biyu: me za a yi bayan amsa

Gajeriyar shawara ita ce ta rukunin farko, wato waɗanda giya ba ta zame wa jaraba ba. Minti 5 zuwa 15: a gaya wa mutum makinsa, a haɗa shi da abin da ya kawo shi, a ce masa a fili ya kamata ya rage ko ya daina, a tambaye shi abin da yake ganin zai iya, a sa ranar dawowa. Nazarin Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, na 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje 69, ya gano cewa bayan shekara ɗaya waɗanda aka ba shawarar sun rage kimanin giram 20 a mako fiye da waɗanda ba a ba ba. Awo biyu ke nan a mako. Ga mutum ɗaya ba wani abin a zo a gani ba ne, ga dubban da ke ratsa asibiti a shekara kuwa yana da auki, kuma kusan ba shi da haɗari. Kada ku kashe kuɗi kan doguwar shawara da tunanin ta fi. Wani babban gwaji da aka yi a ƙananan asibitocin Ingila, aka buga a 2013, ya kwatanta ba mutum sakamakonsa da 'yar takardar bayani, da shawarar minti 5, da ta minti 20, bai sami wani bambancin kirki a tsakaninsu ba.

Ga wanda giya ta zame wa jaraba, shawarar minti goma ba ta isa ba. Abin da aka saba shi ne a rubuta masa takarda zuwa wajen ƙwararru. A takarda wannan ya fi komai arha, a aikace kuwa mutane ƙalilan ne ke zuwa: nisa, kuɗin mota, jerin jira, da tsoron a gan su a ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa. Wani nazari na 2015 da ya haɗa gwaje-gwaje da dama bai sami shaidar cewa gajeriyar shawara da turawa suna ƙara yawan masu zuwa neman magani ba. Shi ya sa nake ganin ƙaramin asibiti ya koyi ba da magani da kansa. A Amurka, a 2019, ƙasa da kashi 2 cikin 100 na masu larurar ne suka samu ƙwayar maganinta, ba don babu ba, sai don ba a yi musu tayi ba. A rashin tayi akan bar arha. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka naltirekson da akamfuroset cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Sai dai kafin a kai ga zaɓen ƙwaya, akwai tambayar da ba a tsallakewa: in ya daina yau, me zai faru da jikinsa? Wanda ya daɗe yana sha sosai kullum, ciwon yaye, wato ciwon da ke tasowa in an yanke giya farat ɗaya, na iya fara masa cikin awa 6 zuwa 24, da rawar jiki da gumi da bugun zuciya. Jijjiga irin ta farfaɗiya na iya biyowa cikin kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane kuwa daga kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma wannan yana kisa. Duk wanda ya taɓa jijjiga ko ruɗewa a baya, ko yake da wani ciwo mai tsanani, ko ba shi da mai kula da shi a gida, kwantar da shi ake yi. Naltirekson da akamfuroset da disalfiram da za a bayyana a ƙasa, babu wanda ke maganin ciwon yaye. Nasa daban ne, irin su diyazefam na 'yan kwanaki, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Cewa irin wannan mutum "ka daina daga yau" ba tare da shiri ba ganganci ne.

Naltirekson na ƙwaya shi ne wanda zan fara ajiyewa. Yana toshe wuraren da ke ba da daɗin giya a ƙwaƙwalwa, sai mutum ya sha kofi ɗaya bai ji abin da ke jan shi zuwa na biyar ba. Ƙwaya ɗaya ce ta miligiram 50 a rana, wasu kan fara da rabi don rage tashin zuciya. Amurka ta amince da shi don larurar giya a 1994, kuma tun da kamfanoni da yawa ke yinsa, ba shi da tsada sosai. Babban nazarin da aka buga a 2014 ya nuna cewa in aka ba mutum 12, ɗaya zai tsira daga komawa sha mai yawa wanda ba don maganin ba da ya koma. Ya dace da wanda burinsa ragewa ne, ba a kuma buƙatar sai ya yi kwanaki bai sha ba kafin a fara. Gwajin COMBINE na 2006 ya nuna yana aiki tare da bibiyar likita ko ma'aikaciyar jinya ta yau da kullum, ba sai da ƙwararren mai ba da shawara ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da ƙaramin asibiti ke iyawa.

Haɗarinsa guda ne babba, kuma ba a wasa da shi. Duk wanda ke shan tiramadol ko kodin ko mofin ko dangoginsu a kai a kai, naltirekson zai jefa shi cikin matsanancin ciwon yaye nan take. Sai an yi kwana 7 zuwa 10 ba a sha su ba. Dole a tambaya, a kuma ambaci sunayen ɗaya bayan ɗaya har da maganin tari, domin mutane da yawa ba sa lissafa su a matsayin wani abu. Haka nan in mai shan naltirekson ya yi haɗari ko za a yi masa tiyata, waɗannan magungunan kashe zafi ba za su yi masa aiki yadda aka saba ba, don haka ya riƙa yawo da kati a aljihu. Ba a ba mai ciwon hanta da ke kan ganiyarsa ko wanda hantarsa ta gaza.

Akwai naltirekson na allura, miligiram 380 sau ɗaya a wata, tun 2006. Ya warware matsalar mantuwa, amma ya ninka ƙwayar tsada sau da yawa, a firiji ake ajiye shi, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. In babu inshora ko shirin da zai biya, ku bar shi.

Akamfuroset na wanda ya riga ya daina ne yake so ya ɗore. Yana kwantar da rashin natsuwar da ke biyo bayan dainawa. Faransa ta fara amfani da shi a 1989, Amurka ta amince da shi a 2004. A wancan nazarin na 2014, in aka ba mutum 12, ɗaya zai tsira daga komawa sha kwata-kwata, ko da yake a gwajin COMBINE bai nuna amfani ba, gwaje-gwajen Turai ne suka fi goya masa baya. Falalarsa ita ce ba ta hanta yake bi ba, ta ƙoda yake fita, ba ya kuma rigima da tiramadol da 'yan uwansa. Mai ciwon ƙoda mai tsanani ba a ba shi, mai matsakaici a rage masa. Illarsa da aka fi gani gudawa ce. Matsalarsa ɗorewa: ƙwaya biyu sau uku a rana, shida ke nan, ko huɗu ga wanda bai kai kilo 60 ba a tsarin Birtaniya. Mutumin da rayuwarsa ta hargitse, ta rana ce zai fara mantawa. Yawan ƙwayoyin kuma yana sa kuɗin wata ya haura na naltirekson a wurare da yawa.

Disalfiram shi ne dattijon cikinsu. Masu bincike biyu a Denmak, Erik Jacobsen da Jens Hald, suna gwada shi ne a matsayin maganin tsutsar ciki a shekarun 1940, suka sha shi da kansu, suka sha giya a kai, suka ji jiki. Yana hana jiki ƙarasa narkar da barasa, sai wani sinadari mai guba ya taru: fuska ta yi ja, kai ya sara, amai, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, jini ya faɗi. Ba ya rage sha'awar giya, tsoro ne aikinsa. Shi ya sa a gwaje-gwajen da mutane ba su san abin da aka ba su ba bai nuna fifiko ba, amma ya yi amfani inda wani ke tsayawa a kan mutum kullum ya ga ya haɗiye. Yana da arha. Haɗarinsa ya fi na sauran: yana iya taɓa hanta, ba a ba mai ciwon zuciya ko taɓin hankali, barasar da ke cikin maganin tari ko ruwan kurkure baki ma tana iya tayar da shi, kuma tasirinsa na iya kai mako biyu bayan an daina. Iyalai kan roƙi a ba su su zuba wa mutum a abinci bai sani ba. Amsar ita ce a'a, ko da kuka suka zo.

Tofiramet da gabafentin, waɗanda asali magungunan farfaɗiya ne, a rashin uwa ake uwar ɗaki. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa su a sahu na biyu a 2018, ga wanda na farko ba su karɓe shi ba. Tofiramet sai an hau da shi a hankali cikin makonni, yana dusashe tunani, yana kuma cutar da ɗan tayi. Gabafentin wasu na mai da shi abin maye, kuma haɗa shi da giya ko tiramadol na iya danne numfashi.

| Magani | Tsada | Ɗorewa | Sauƙi | Wanda ba a ba |
|---|---|---|---|---|
| Gajeriyar shawara | Minti 5 zuwa 15 | Sai ana maimaitawa | Horo kaɗan | Ba ta isa mai jaraba ba |
| Naltirekson ƙwaya | Mai sauƙi | Matsakaici | Ɗaya a rana | Mai shan tiramadol ko kodin, mai gazawar hanta |
| Naltirekson allura | Mai tsada sosai | Wata guda cur | Sai firiji da mai yin allura | Kamar na ƙwaya |
| Akamfuroset | Matsakaici | Rauni | Shida a rana | Mai ciwon ƙoda mai tsanani |
| Disalfiram | Arha | Sai da mai sa ido | Ɗaya a rana | Mai ciwon zuciya, hanta ko taɓin hankali |

Kowanne aka zaɓa, ba maganin mako biyu ba ne. Jagorar Ingila ta ce naltirekson da akamfuroset a kai wata shida, a wuce haka in yana amfani kuma mutum na so. In ya sha a tsakiya, ba dalilin korarsa ba ne, kamar yadda ba a korar mai ciwon suga don sugansa ya hau. Ƙungiyoyin taimakon juna irin su Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a 1935, kyauta ne, kuma nazarin Cochrane na 2020 ya nuna cewa tsararren shirin haɗa mutane da su yana taimakawa wajen dainawa gaba ɗaya. Ƙari ne a kan magani, ba kishiyarsa ba, ga wanda zama cikin jama'a bai dame shi ba.

Wa ya dace da me

Asibiti mai ma'aikata biyu ko uku da layi har waje: tambaya ɗaya a wurin awon jini, cikakkiyar AUDIT ga wanda ya amsa da e, gajeriyar shawara daga wanda ya gan shi a ranar. Kada ku ɗauki abin da ya fi haka sai wannan ya zauna.

Asibiti mai ajiye bayanai a kwamfuta, ko mai kula da masu hawan jini da suga na dogon lokaci: AUDIT-C sau ɗaya a shekara, majinyaci ya cike da kansa, makin ya shiga kati kusa da nauyi da awon jini. In kuɗinku na magani ɗaya ne kawai, naltirekson na ƙwaya. In majinyatanku da yawa masu ciwon hanta ne, ko shan tiramadol da kodin ya yawaita a cikinsu, akamfuroset ya fi muku, ko da ƙwayoyinsa shida.

Mutumin da makinsa na cikakkiyar AUDIT ke tsakanin 8 da 15, ba ya rawar hannu da safe: shawara da ranar dawowa, ba ƙwaya. Wanda ya ce ba zai iya dainawa ba amma yana so ya rage: naltirekson, kuma ku karɓi burin nasa a matsayin mafari. Wanda ya fito daga kwanciyar yaye yana neman kada ya koma: akamfuroset tun kafin mako ya zagayo, ko naltirekson in kun san ƙwaya shida za ta gagare shi. Wanda ya gwada duka biyun, ya ƙudura dainawa gaba ɗaya, zuciyarsa da hantarsa lafiya, yana kuma da wanda ya amince ya tsaya a kansa kowace safiya: disalfiram, da saninsa da yardarsa. Mai yawan mantuwa da ke da mai biya masa: allura.

Matashi ɗan ƙasa da shekara 18 akwai tambayoyin da aka tsara dominsa, CRAFFT, kuma a keɓe ake yi masa su. Mai juna biyu kuwa ba a jiran maki: duk abin da ta ce tana sha, komai ƙanƙantarsa, ana zama da ita a kai, domin ba a san wani adadi da ba ya cutar da ɗan tayi ba. Ba a fara mata waɗannan ƙwayoyin a ƙaramin asibiti. In jikinta ya riga ya saba har tana rawar hannu, kada a ce ta yanke da kanta a gida. A haɗa ta da babban asibiti a ranar, a kira su a waya tana zaune, a kuma rubuta ranar da za ta dawo awo.